Babi na Biyar: Ɓargo, Ƙashi da Garkuwar Jiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a Gawuna, cikin Kano, da hantsi, yana jiran a sara masa ƙashin miya, ya riga ya ga abin da za mu tattauna a wannan babi, ko da bai kula ba. Idan mahauci ya ɗora ƙashin ƙafar saniya a kan kututture ya raba shi da gatari, abin da ke fitowa daga tsakiya wani maiƙo ne mai ɗan rawaya, wanda yara ke rububin zuƙewa in an sauke tukunya. In kuwa haƙarƙari ya sara, ko ƙashin gadon baya, sai ka ga cikin ja jawur, mai huje-huje, yana tsattsafo da jini. Duka biyun ɓargo ne. Na farko kitse ya fi yawa a cikinsa. Na biyu kuwa nan ake haifar jini, a jikin dabba da jikin mutum baki ɗaya.

Jariri sabon haihuwa kusan duk ɓargonsa ja ne. Yana girma kitse na maye gurbin jan a dogayen ƙasusuwa, har ya zama a jikin baligi jan ɓargo ya taƙaita a ƙugu, gadon baya, haƙarƙari, ƙashin ƙirji, ƙoƙon kai, da kawunan ƙashin cinya da na damtse. Wannan ɗan abin da ya rage shi ke fitar da jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Daga cikinsa kuma fararen ƙwayoyin jini suke fitowa, waɗanda su ne garkuwar jiki. Nau'i ɗaya kaɗai daga cikinsu, wanda ke riga kowa isa wurin rauni ya mutu a can ya zama mugunya, ɓargo na fitar da kimanin biliyan 100 nasa kullum. Ƙwayoyin da ake kira B a ɓargo suke girma. Waɗanda ake kira T a nan asalinsu yake, sannan su ƙaura zuwa wani ɗan ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji su ƙarasa koyon aiki. Yaron da aka yi wa allurar ƙyanda a asibitin unguwa yana wata tara, ƙwayoyin da za su ci gaba da zuba masa kariya a jini shekara da shekaru, ɓargo suke komawa su tare.

Ke nan garkuwar jiki a cikin ƙashi take kwana. Duk da haka an daɗe likitocin ƙashi na harkar gabansu, masana garkuwar jiki na harkar gabansu, kamar babu abin da ya haɗa su. Mu ma a gida haka muka ɗauki abin: ƙashi busasshen abu ne, ba ya ciwo sai an faɗi ko an tsufa ko sanyi ya shige shi. Ina ganin wannan fahimtar tana jawo mana asarar ƙafafu da gadon baya a Kano fiye da yadda muke zato.

Ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda ake yi bayan damina: magini ya zo ya kankare inda ruwa ya ci, ya zubar da ruɓaɓɓiyar ƙasa, sannan ya kwaɓa sabuwa ya yaɓe. In aka bar kankara aka yi ta ɗora yaɓe a kan ruɓa, katanga ta yi kauri amma ba ƙwari. In aka yi ta kankara ba yaɓe, ta sirance ta faɗi. Haka ƙashi yake rayuwa. Akwai ƙwayoyin halitta masu cin ƙashi, akwai masu gina shi. Mai cin ƙashi ƙatuwar ƙwaya ce da ke samuwa idan ƙanana da yawa suka haɗe suka zama ɗaya. Takan manne a fuskar ƙashi ta rufe gefe da gefe, ta zuba ruwa mai tsami da ke narkar da sinadarin kalsiyam, ta haƙa ɗan rami cikin 'yan makonni. Masu gini su biyo baya su cike ramin, su kuma aikinsu kan ɗauki wata uku zuwa huɗu. Da wannan ake sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi a kowace shekara. A riƙe wannan bambancin lokaci, domin cuta da yawa a kansa suke hawa: rushewa makonni, gini watanni.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, daga ina mai cin ƙashi take fitowa? Amsar ta zo ta hanyar wata cuta da ba a cika gani ba, wadda ake haifar jariri da ita masu cin ƙashinsa ba sa aiki. Ƙashin irin wannan jariri yakan cushe ya toshe gurbin ɓargo, jini ya yi ƙaranci, ramukan da jijiyoyin ido ke bi su matse har ya makance, ƙashin kuma duk kaurinsa ya riƙa karyewa. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Donald Walker, ya warkar da ɓeraye masu wannan cuta ta hanyar sa musu ƙwayoyin ɓargo da na saifa daga lafiyayyun 'yan uwansu. A 1980 likitoci a Jami'ar Minnesota suka ba da rahoton wata jaririya da aka yi wa dashen ɓargon yayanta namiji. Ta samu sauƙi, kuma da aka duba ƙashinta sai aka tarar masu cin ƙashin na ɗauke da alamar halittar namiji, wato daga ɓargon yayan suka fito, masu gini kuwa nata ne na asali. Nan magana ta ƙare. Mai cin ƙashi 'yar gidan fararen ƙwayoyin jini ce, uwa ɗaya uba ɗaya da makrofej, ƙwayar nan da ke haɗiye ƙwayoyin cuta.

Saura a gano wa ke ba ta umarni. Tun 1972 an lura cewa fararen ƙwayoyin jini da aka zuga suna fitar da wani abu da ke sa ƙashi narkewa, amma sai tsakanin 1997 da 1998 ƙungiyoyin masana a Amurka da Japan, kowa ta ƙofarsa, suka kamo sinadarin. Waɗansu suna binciken ƙwayoyin T ne suka ci karo da shi, waɗansu suna binciken ƙashi, daga baya suka ga ashe abu ɗaya suka riƙe. Shi ne ake kira RANKL. In ya taɓa ƙwayar da za ta zama mai cin ƙashi, sai ta balaga ta kama aiki. Jiki na da wani sinadarin kuma, OPG, da ke tare RANKL a hanya ya riƙe shi kafin ya isa. Rinjaye tsakanin waɗannan biyu shi ke yanke ko ƙashin mutum zai ƙaru ko zai ragu. A 1999 aka samar da ɓeraye marasa RANKL kwata-kwata. Ƙashinsu ya cushe, haƙoransu suka kasa hudo dasashi, sannan, abin da ya fi ba kowa mamaki, ba su da kaluluwa ko ɗaya a jiki. Sinadari guda ne ashe ke kula da sassaƙar ƙashi da kuma kafa wuraren da garkuwar jiki ke taruwa. A shekara ta 2000 Joseph Arron da Yongwon Choi suka yi rubutu a mujallar Nature suka ce wannan fanni ne mai zaman kansa, a daidai lokacin da Hiroshi Takayanagi na Tokyo ya nuna cewa ƙwayoyin T na iya zuga cin ƙashi, suna kuma iya taka masa birki.

Abin da ya fito daga duk wannan gajere ne. Duk inda garkuwar jiki ta tashi faɗa, tana fitar da sinadaran kumburi, irin su TNF, su kuma suna ɗaga RANKL. In faɗan ya ƙare cikin kwanaki, babu komai, har ma da amfani. In ya ɗore wata da watanni, ƙashin da ke kusa shi ke biyan kuɗin.

Mu fara da inda yake da amfani. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu ta cika tituna, amma karaya ba ta ƙaura ba. Mutum ya faɗo a hanyar Hadeja ƙwaurinsa ya karye, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya yi ja. Wannan kumburin shi ne tubalin farko na warkewa. Jinin da ya taru ya daskare a tsakanin gutsuren biyu na jawo fararen ƙwayoyin jini, su share matattun nama, sannan makrofej su sauya hali daga faɗa zuwa gyara, su kira sababbin jijiyoyin jini da ƙwayoyin da za su zama guringuntsi. Guringuntsin ya zama ɗanyen ƙashi mai ƙulli, masu cin ƙashi su bi shi da sassaƙa wata da watanni har ya koma kusan yadda yake. Shi ya sa masu ɗori ke samun nasara a karaya da yawa, kuma ba na cikin masu raina su. Karayar da fata ba ta fashe ba, ƙashin bai goce sosai ba, in aka daidaita ta aka hana ta motsi, jiki zai yi sauran aikin, ko a gidan mai ɗori ko a asibiti. Jama'a sun ga haka da idonsu tun kaka da kakanni, shi ya sa suke zuwa.

Inda hanya ta rabu shi ne karayar da ƙashi ya hudo fata, ko ɗaurin da ya matse har jini ya daina zagayawa. Da zarar ƙasar titi ta taɓa ƙashi, lissafi ya canja. Ƙwayoyin cuta sukan manne a fuskar ƙashi su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa da sauƙi. Mugunya ta taru a cikin ƙashi inda babu wurin faɗaɗa, ta matse jijiyoyin jini, wani yanki na ƙashin ya mutu. Masu cin ƙashi su zagaye mataccen su yanke shi daga mai rai, masu gini su yi masa sabon kwanso ta waje, sai ya zauna a ciki, jini ba ya kai masa, garkuwar jiki ba ta kai masa, ƙwayoyin cuta na zaune lafiya. Daga nan ne ake samun ɗan ramin nan a ƙwauri da ke zubar da ruwa, ya rufe wata biyu a ce an warke, ya sake ɓallewa, wani lokaci har da ɗan tsinken ƙashi ya fito. Akwai masu ɗauke da irin wannan tun suna firamare har su yi aure. Kafso ɗin kemis ba ya kashe shi. Sai an buɗe an ciro mataccen ƙashin, aikin da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ya shafe shekaru yana yi wa mutanen Arewa da na Nijar.

Amma in ana neman inda ƙashi da garkuwar jiki suka fi sarƙewa a ƙasar Hausa, to amosanin jini ne, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila a Najeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta. Babu layin da za ka bi a Gawuna ko Gama ko Tudun Wada ka rasa gidan da aka san wannan ciwo.

Sikila cutar ɓargo ce tun daga tushe, tunda can ake ƙera jajayen ƙwayoyin da ke lanƙwashewa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20. Don haka ɓargon ba ya hutawa, yana faɗaɗa don ya cike giɓi, yana cin bangon ƙashi ta ciki har ya sirance. Sannan jini a cikin ɓargo a hankali yake tafiya, iskar da ke cikinsa kaɗan ce, wato daidai yanayin da ƙwaya ke lanƙwashewa. Shi ya sa in ciwon ya tashi, a ƙashi ake jin sa. An daɗe ana zaton lanƙwasassun ƙwayoyin ne kawai ke cushewa su toshe hanya. Yanzu an san fararen ƙwayoyin jini na da hannu dumu-dumu: su ke fara mannewa a bangon jijiya, jajayen su maƙale a jikinsu, hanya ta rufe. Mai sikila jikinsa a cikin kumburi yake ko ranar da yake dariya. Wannan na daga dalilan da maganin haidroksiyuriya ke rage tashin ciwo, domin ban da ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, yana rage yawan fararen ƙwayoyin.

Alamar farko sau da yawa uwa ce ke ganinta. Yaro ya wuce wata shida, jinin da ya zo da shi daga ciki ya fara ja da baya, sai wata safiya ya tashi bayan hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura sumul, suna sheƙi, da zafi in an taɓa. Ya ƙi rarrafe, ya ƙi a riƙe masa hannu, in an zo saka masa riga ya ƙwalla ƙara. Kaka ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce sanyi ne. A waɗannan shekarun ƙananan ƙasusuwan hannu da ƙafa na cike da jan ɓargo, ɓargon ne ke mutuwa don jini ya yanke masa. Uwar da ta kai ɗanta gwajin jini a wannan rana ta sayo masa shekaru.

Ta sayo masa shekaru ne saboda abin da ke faruwa da saifa. Saifa ita ke tace jini ta kama ƙwayoyin cuta masu kwanso, kuma a jikin mai sikila tun yana ƙarami take raunana saboda toshewar da ake yi mata a kai a kai. Hanji ma na samun irin wannan toshewa, bangonsa ya yi rauni, ƙwayar salmonela, 'yar uwar mai kawo taifot, ta tsallaka cikin jini. Babu saifar da za ta tare ta. Ga kuma mataccen ɓargo na jira a ƙwauri ko cinya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sauran yara wata ƙwayar fata ce ta fi kawo ruɓar ƙashi, amma a masu sikila salmonela na sahun gaba, abin da likitoci a Ibadan suka rubuta tun 1960. Wahalar ita ce tashin ciwo na yau da kullum da ruɓar ƙashi kamanninsu ɗaya a kwanakin farko: zafi, kumburi, zazzaɓi, hoto kuma bai nuna komai ba sai bayan kwana goma ko fiye. Iyayen da suka saba da tashin ciwo sukan ce wannan ma zai wuce. In ciwon ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi sauka, zazzaɓi ya ƙi sauka, to a tafi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na Nassarawa, kada a jira.

Sai kuma kan ƙashin cinya, wanda jijiyoyin da ke ciyar da shi 'yan kaɗan ne. In suka toshe ya mutu, masu cin ƙashi su zo kwashe mataccen, masu gini su kasa cim musu, nauyin jiki ya murƙushe shi. Budurwa 'yar shekara sha bakwai ta fara ɗingishi, ta kasa zaman tahiya, daga baya sai an sauya mata ƙugu da na ƙarfe. Maganin da ke tumɓuke sikila daga tushe shi ne a sauya ɓargon gaba ɗaya, kuma an fara yin wannan dashe a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai dai kuɗinsa da samun ɗan uwan da ɓargonsa ya dace sun sa ya fi ƙarfin kusan kowa. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Mayun 2024 za ta taimaki 'ya'yan da ba a haifa ba. Waɗanda ke hannu yanzu abin da suke bukata gwaji ne da wuri, allurar rigakafi cikakkiya, maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da zazzaɓin cizon sauro, da ruwan sha mai tsabta, tunda salmonela ta baki take shiga.

Tarin fuka kuma ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba. Najeriya na sahun gaba a Afirka wajen yawan masu shi, Kano kuma na cikin jihohin da suka fi ɗaukar nauyin. Ƙwayar kan bi jini ta sauka a ƙashi, kuma kusan rabin tarin fukan ƙashi a gadon baya yake zama. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya siffanta shi a 1779, fiye da shekara ɗari kafin Robert Koch ya ga ƙwayar a 1882. Garkuwar jiki ba ta iya kashe wannan ƙwaya da sauƙi, sai ta kewaye ta da makrofej da ƙwayoyin T ta tsare. Tsarewar na bukatar TNF mai yawa, TNF kuma na tayar da masu cin ƙashi. Mafi yawan ɓarnar da ake gani a hoto, hannun garkuwar jikin mai ciwon ne ya yi ta. Gaban ƙashin baya ya cinye, na sama ya rufto kan na ƙasa, doro ya fito. Mugunya ta taru ba zafi ba ja, wani lokaci ta gangara ta ɓullo a matsematsi. In ta danne lakar baya, ƙafafu su fara nauyi, fitsari ya fara kufcewa.

Mutum na iya kai wa nan bai yi tari ko sau ɗaya ba, shi ya sa ake ɓata watanni ana shafa man zafi, ana neman wanda ya yi jifa. Ciwon baya da ya wuce wata guda, yana tashin mutum cikin dare, ga rama, ga gumin dare, ga zazzaɓin yamma, ya cancanci hoto da gwaji. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, na ƙashi yakan kai shekara ana sha, kuma da yawa daga waɗanda ƙafafunsu suka fara shanyewa sukan tashi su taka in an kama abin da wuri. Doron da ya riga ya fito ne magani ba ya miƙarwa.

A Sakkwato akwai asibiti guda da aka gina a 1999 don cutar noma kaɗai. Yara 'yan shekara biyu zuwa shida take kamawa, waɗanda tamowa da ƙyanda suka karya wa garkuwar jiki. Daga ɗan gyambo a dasashi, cikin kwanaki ta ci kumatu ta kai ga muƙamuƙi. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci, aka kuma sa ta a Disambar 2023. Ƙaramar 'yar uwarta tana bakin manya da yawa: dasashi mai jini in an yi asuwaki, kumburin da ke cin ƙashin da ke riƙe haƙori a hankali har haƙori lafiyayye ya fara girgiɗi.

Akwai kuma inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya, garkuwar jiki ce kawai ta juya wa mai ita. Mace, don mata sun ninka maza biyu zuwa uku a wannan ciwo, ta tashi da asuba yatsunta na hannu biyu sun sandare, ta kasa murɗa kan famfo don alwala, sai rana ta ɗaga su saki. Rufin cikin gaɓa ne ya kumbura ya yi kauri, yana zuba TNF da RANKL, masu cin ƙashi na gutsurar bakin gaɓa. An gwada a ɓerayen da ba su da masu cin ƙashi: gaɓoɓin suka kumbura, ƙashin bai gutsure ba. Gutsurar takan fara ne cikin shekara biyun farko, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa, alhali akwai magani mai sauƙin kuɗi, metotireset, da ake sha sau ɗaya a mako a ƙarƙashin kulawar likita. Tsayawar al'ada ma ta wannan ƙofa take taɓa ƙashi. Sinadarin mata na danne sinadaran kumburi, in ya ja baya sai su ɗago, rushewa ta fi gini sauri na tsawon shekaru. Tsohuwar da ta rage tsawo ta duƙa, ko ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, abin ya faro ne shekara ashirin baya.

Ilimin nan ya haifi magunguna. A farkon shekarun 1990 Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka nuna cewa toshe TNF na kwantar da ciwon gaɓoɓi, a 2010 kuma aka amince da denosumab, allurar da ke kama RANKL kamar yadda OPG ke yi, ana yin ta sau ɗaya a wata shida. Suna da tsada ƙwarai. Masu toshe TNF kuma na da haɗari na musamman a wuri irin namu, domin TNF ɗin nan shi ke tsare da tarin fukan da ke kwance a jikin mutane da yawa ba su sani ba. Dole a yi gwaji kafin a fara.

Maganin da ya fi damuna ba mai tsada ba ne. Yana nan a kemis ɗin kowane lungu.

"Ɗana, gwiwar nan ta hana ni barci. Ba ni irin na rannan."

"To Hajiya, a haɗa miki na kwana nawa?"

A ƙulla mata ƙwayoyi huɗu ko biyar a farar leda, babu suna babu kwali, a cikinsu akwai deksametason ko firednisolon. Ta sha, washegari ta tashi garau, ta yi wa yaron addu'a da zuciya ɗaya. 'Yan mata kuma na shan irinsa don su yi ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe. Dangin wannan magani sun shigo duniya ne a 1948, lokacin da Philip Hench ya ba wata mai ciwon gaɓoɓi kotison a Amurka ta tashi ta taka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950. Magani ne na gaske, yana ceton rai a asma da cututtuka da dama in likita ya auna. Amma aikinsa shi ne danne garkuwar jiki, kuma duk abin da ya taɓa ta ya taɓa ƙashi. Yana kashe masu gini, yana ɗaga RANKL ya sauke OPG, yana hana hanji tsotsar kalsiyam. Asarar ta fi sauri a watannin farko, tun kafin fuska ta yi zagaye a fara yi wa mai sha barka da ƙiba. Yana iya kashe kan ƙashin cinya irin yadda sikila ke yi, a jikin wanda ba shi da sikila. Yana buɗe wa tarin fukan da ke kwance ƙofa. In kuwa ciwon bayan da ake sha dominsa dama tarin fuka ne, ko ciwon ƙafar dama ruɓar ƙashi ce, to an kashe zafin da ke faɗakarwa, an kuma ɗaure hannun mai faɗa da cutar.

Wanda ya shafe makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya. Jiki na da nasa irin wannan sinadari da wasu 'yan ƙullutai a saman ƙoda ke fitarwa, kuma in ana kawo na waje sukan daina aiki, su ɗauki lokaci kafin su farfaɗo. Yankewa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi ƙasa, mutum ya suma, har ta kai ga rasa rai. Ya ɗauki ledar da sauran ƙwayoyin da ke ciki ya kai wa likita, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana sha ba tare da ragewa ba, a tsara masa yadda zai sauka a hankali, a kuma binciki ainihin abin da ke cin gwiwar.